Man Hana Tsufa: Shin Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya leƙa manyan kantunan Abuja da Kano da Kaduna a 'yan shekarun nan, ko ya ratsa shagunan filin jirgin saman Dubai a kan hanyarsa ta dawowa gida, zai lura da wata haja da ta samu gindin zama a tsakanin masu hannu da shuni da manyan ma'aikata, wato man shafawa na fuska da ake tallatawa da sunan mai hana tsufa. Kwalbarsa ba ta cika tafin hannu ba, amma farashinta kan sa mutum ya sake duba takardar, ko idonsa ne ya gane masa ba daidai ba. Shahararre daga cikinsu, Crème de la Mer, ana sayar da kwalba mai mililita 60 a kan sama da dala 300 a Amurka. Idan aka lissafa da canjin da aka gani a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya zarce naira 450,000. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, sai ya yi aikin fiye da wata shida, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki kwalba guda. Duk da haka irin waɗannan mayuka sun fara kutsawa cikin akwatunan lefe, sun shiga jerin tsarabar da ake sa ran maigida ya riƙo idan ya fita waje, kuma ba mata kaɗai ke shafa su ba, sai dai mazan ba su cika faɗa ba.

Ba hurumin wannan jarida ba ne ta tsara wa kowa yadda zai kashe abin da ya samu da guminsa. Amma masu karatunmu likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan banki, mutanen da ba za su sa hannu a takardar kwangilar naira dubu ɗari ba sai sun bi ta layi-layi. Abin mamaki ne a ce mutum irin wannan ya miƙa ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi a kan alƙawarin da aka rubuta a jikin kwali da harshen Faransanci, ba tare da ya tambayi hujja ba. Tambayar da muke son a tsaya a kanta ita ce: abin da aka biya, shi aka samu?

Sai an san yadda fata ke tsufa kafin a iya auna mai da'awar hana ta. Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Ta can sama, wadda hannu ke taɓawa, ba ta kai kaurin takarda ba, kuma matattun ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubali, da wani maiƙo a tsakaninsu a matsayin laka. Aikinta shi ne tsare ruwan jiki kada ya tsere, da tare ƙazanta kada ta shiga. A ƙarƙashinta ne ake samun hawan da ke ɗauke da zaruruwan kolajin da ilastin, waɗanda su ne ke ba fata tauri da talewa. Masana sun ƙiyasta cewa baligi na rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na kolajin ɗinsa a kowace shekara, mace kuwa tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Idan waɗannan zaruruwa suka ragu, sai fata ta saki, tamoji ya bayyana. Wannan shi ne rabon shekaru. Akwai kuma rabon rana, wanda ya fi muni a fuska, domin hasken ultrabayolet yana farfasa kolajin kai tsaye, kamar yadda hayaƙin taba ke yi. Mai shakka ya dubi dattijon manomi, ya gwada fatar ƙeyarsa da ta cikin damtsensa. Shekarunsu ɗaya, amma wadda ta sha rana kamar ta girmi 'yar'uwarta da shekara ashirin.

To, man shafawa a ina yake aiki? A hawan sama. Kowane mai, na dubu biyu ne ko na dubu ɗari biyar, abu uku yake yi. Akwai sinadaran da ke jawo ruwa su riƙe shi, irin su gilisarin. Akwai maiƙon da ke cike giɓin da ke tsakanin tubalan nan, fata ta yi santsi. Sannan akwai masu yin rufi su hana ruwa ficewa, kuma har yau ba a samu wanda ya fi basilin a wannan fage ba, abin da Robert Chesebrough ya yi wa rajista tun 1872, wanda gwaji ya nuna yana tare fiye da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke tsiyayewa ta fata. Idan fata ta sha ruwa sai ta ɗan kumbura, ƙananan layuka su ɓace, fuska ta yi sheƙi. Mai sayar da alayyafo a kasuwa ya san wannan sirri, shi ya sa ba ya rabuwa da gwangwanin yayyafi. Ganyen kan miƙe ya yi shar, amma ba ya komawa gona. Bayan sa'o'i, ko an wanke fuska, komai ya koma yadda yake. Wannan amfani ne na gaske, musamman a ƙasa irin tamu inda hunturu ke busar da iska har leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Sai dai amfani ne da ake samu a mai mafi araha.

Abin da ake ƙara wa mai tsada don a bambanta shi, nan ne ake sakar zance. Za a ce an zuba masa kolajin. Gaskiya ne an zuba, amma masana fata suna da wata ƙa'ida da aka wallafa a shekarar 2000, cewa da wuya sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 ya ratsa lafiyayyar fata. Ƙwayar kolajin kuwa nauyinta ya kai dalton 300,000. Raƙumi ne aka kawo ƙofar kafar allura. Yana zama a sama ya riƙe ɗan danshi, ruwan alwala ya tafi da shi. Haka zancen yake ga garin zinariya da ƙwan kifi da lu'ulu'u da ake ambata a jikin wasu kwalabe. Suna da daɗin faɗa, suna kuma ba mai kanti dalilin ɗaga farashi.

Doka a Turai da Amurka ta wajabta wa kamfani ya jera abubuwan da ya haɗa man da su, yana farawa da mafi yawa. Wannan ɗan rubutu mai ƙananan baƙaƙe ya fi dukkan tallan da ke gaban kwalin gaskiya. Idan aka karanta na Crème de la Mer, bayan ruwan wata ciyawar teku da ke kan gaba, abin da ke biye shi ne man ma'adini, da basilin, da gilisarin, sai kakin ma'adini da wani maiƙo da ake samu daga gashin tumaki. Wanda ya juya gwangwanin Nivea mai shuɗin launi, man da kamfanin Beiersdorf na birnin Hambag ya fara fitarwa a 1911, kuma iyayenmu suka sani tun zamanin kantin Turawa, zai tarar da mafi yawan waɗannan sunaye a jere. Kamfanin La Mer yana da labarinsa, na wani masanin kimiyya mai suna Max Huber da aka ce ya ƙone a ɗakin gwaji, ya shafe shekaru yana tsima ciyawar teku har ya warkar da tabonsa. Kamfanin Estée Lauder ya sayi sunan a 1995, bayan rasuwar mutumin, ya ci gaba da ba da labarin. Adalci ne mu ce kasancewar kayan haɗi iri ɗaya ba ya nufin man iri ɗaya ne, domin mata biyu kan tuƙa tuwo da gari ɗaya, na ɗaya ya fi. Amma tazarar farashin nan ta haura ninki hamsin. Babu tuwon da ya fi wani ninki hamsin.

Akwai kuma abin da mai saye bai cika sani ba. Beiersdorf mai Nivea shi ne mai La Prairie, ɗaya daga cikin mayuka mafi tsada a duniya. L'Oréal mai Lancôme shi ne mai Garnier da CeraVe. Estée Lauder mai La Mer shi ne mai The Ordinary, wanda ya yi suna a kan sayar da sinadarai tsirara da rahusa. Gida ɗaya ne mai ƙofa biyu, ta attajiri da ta talaka, kuma ilimin da ɗakunan binciken gidan suka samo ba ya tsayawa a ƙofa guda. Rahoton kuɗi na L'Oréal na 2023 ya nuna cinikin da ya haura yuro biliyan 41. Daga ciki, abin da ya tafi ga bincike bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba, alhali talla da tallata haja sun lashe kusan kashi 32. Wato duk naira ɗaya da aka kashe a ɗakin gwaji, an kashe goma wajen shawo kan mai saye. Ba laifi kamfanin ya yi ba, haka sana'ar take, kuma shi da kansa ya buga alƙaluman. An daɗe ana danganta wa Charles Revson, wanda ya kafa Revlon, maganar cewa a masana'anta kayan kwalliya suke yi, a kanti kuwa fata nagari suke sayarwa. Bahaushe zai ji daɗin wannan magana fiye da Bature, tunda a harshenmu fatar jiki da fatan zuci kusan baƙi ɗaya ne.

An taɓa gwada waɗannan mayuka ba tare da hannun masu su ba. A ƙarshen 2006 mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ba ta karɓar talla, ta fitar da sakamakon gwajin mako 12 da aka yi wa mayukan goge tamoji a fuskokin mata, ana aunawa da na'ura. Wanda ya zo kan gaba shi ne Olay Regenerist, da ake sayarwa a lokacin kimanin dala 19 kowace kwalba a kantin unguwa. La Prairie Cellular, mai dala 335, yana cikin na baya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ko gwanin cikinsu bai rage zurfin tamoji da kashi 10 cikin 100 ba, ragin da ido da kyar yake gane shi. Shekaru sun ja tun lokacin, kamfanoni sun sake haɗe-haɗensu, don haka ba za mu ce jerin na nan yadda yake ba. Darasin da ya rage shi ne farashi bai nuna wanda zai ci ba.

A Ingila kuma, a 2007, wani shirin kimiyya na talabijin ɗin BBC ya nuna binciken masanan Jami'ar Mancesta a kan wani mai na kantunan Boots, No7 Protect & Perfect, wanda bai kai fam 20 ba. Washegari mata suka yi dafifi, kaya suka ƙare a kantuna. A 2009 masanan suka wallafa cikakken gwaji a kan mutum 60, rabi na shafa man, rabi na shafa wanda ba shi da sinadarin. Bayan wata shida, kashi 43 cikin 100 na masu man sun nuna sauƙin tamoji, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Kamfanin ne ya biya kuɗin binciken, mutanen kuma ba su da yawa, saboda haka aka yi ta muhawara a kan ƙarfin sakamakon. Mu abu biyu muka ɗauka. Na farko, akwai man kanti da ke ɗan taɓuka wani abu, kuma ba sai mai tsada ba. Na biyu, fiye da mutum ɗaya cikin biyar sun ga canji da man da ba shi da komai sai maiƙo.

Idan ana neman abin da hujjarsa ta tsaya da ƙafarta, biyu ne, kuma babu na alfarma a cikinsu. Na ɗaya shi ne tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A, wanda aka amince da shi a Amurka a 1971 a matsayin maganin kurajen fuska. Likitoci suka lura cewa manyan matan da ke shafa shi fatarsu na yin sumul, masanan Jami'ar Mishigan suka tabbatar da hakan a gwajin da suka wallafa a 1988, sannan a 1995 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a rubuta shi don ƙananan tamoji. Yana ratsa fata, yana sa ta ƙera sabon kolajin. Amma magani ne, da ladubban magani. Yana sa ɓawo da raɗaɗi a makonnin farko, yana buƙatar watanni kafin a ga tasiri, ba a ba mai juna biyu ko mai neman haihuwa, kuma a baƙar fata idan aka yi gaggawa da shi kumburin kan bar tabo. Sai da likita. Ƙaninsa retinol, wanda ake sakawa a mayukan kanti, ya fi shi sanyi kuma ya fi shi rauni, ga shi haske da iska na lalata shi. Ke nan kyakkyawar kwalbar nan mai faɗin baki, da ake buɗewa safe da yamma ana tsoma yatsa, ita ce mazubi mafi muni da za a ajiye shi a ciki.

Na biyu shi ne man kariya daga rana. A garin Nambour na Ostareliya an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 na tsawon shekara huɗu da rabi, wasu na shafawa kullum, wasu sai sun ga dama. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna tsufan fatar masu shafawa kullum ya gaza na sauran da kashi 24 cikin 100. Rigakafi ne, ba gyara ba, shi ya sa ba ya burge mai neman abin al'ajabi cikin mako biyu.

Me ya sa kamfanonin ba sa fitowa fili su ce mansu na gina kolajin kamar yadda magani ke yi? Domin doka ta raba kayan kwalliya da magani. A Amurka duk abin da ya yi da'awar sauya ginin jiki ko aikinsa ya zama magani, sai ya kawo hujjar gwaji kafin ya shiga kasuwa, kayan kwalliya kuwa ba sa buƙatar wannan izini. Saboda haka lauyoyi ke tace kalmomin talla. Ba za a ce man yana rage tamoji ba, sai a ce yana rage yadda tamoji ke bayyana ga ido, abin da ko ruwan famfo na yi na ɗan lokaci. Waɗanda suka zarme sun sha tsawa. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa Lancôme takardar gargaɗi a kan da'awar cewa mansa Génifique yana zaburar da ƙwayoyin gado, kuma a 2014 uwar kamfanin, L'Oréal, ta sasanta da hukumar kula da ciniki ta ƙasar a kan wannan magana. A Birtaniya hukumar sa ido kan tallace-tallace ta tsawatar a 2009 a kan tallan man ido na Olay mai ɗauke da hoton Twiggy, sannan a 2011 ta hana wani tallan Lancôme mai hoton 'yar wasan fim Julia Roberts, duka saboda an goge fuskokin da kwamfuta. Idan sai da kwamfuta aka gyara fuskar da aka ɗauko don ta tallata man, mai saye na da ikon tambayar aikin da man ya yi.

Sau da yawa kuma za a ga an rubuta cewa mata tara cikin goma sun ce fatarsu ta ƙara ƙuruciya. A lura, cewa suka yi, ba auna su aka yi ba. Zuciya kuwa tana bin kuɗi. A wani gwaji da aka wallafa a 2008 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, an ba mutum 82 ƙwayar da ba ta ɗauke da magani ko kaɗan, aka ce musu ta kashe zafi ce. Waɗanda aka gaya wa kuɗinta dala biyu da rabi, kashi 85 cikin 100 suka ce sun ji sauƙi. Waɗanda aka ce wa an karya farashinta zuwa santi goma, kashi 61 ne kacal. Hajiyar da ta zuba rabin miliyan a kan kwalba, idan ta tsaya gaban madubi, ba alƙali ba ce mai zaman kansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma 'yan kasuwar Faris sun fahimci wannan karin magana fiye da mu da muka ƙirƙire ta.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, gwaje-gwajen Mancesta da Nambour a kan fararen fata aka yi su, kuma matsalar da aka ƙera mayukan don ita tasu ce tun asali. Baƙar fata tana da melanin mai yawa, wanda laima ce da aka haife mu da ita. Wani bincike na 1979 ya ƙiyasta cewa kariyar da baƙar fata ke bayarwa daga rana ta kai ma'auni 13, ta Bature kuwa kimanin 3. Shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, har a ga Bahaushiya mai jikoki fuskarta sumul, sa'arta Baturiya kuwa ta yamutse. Abin da ya fi damun fatarmu daban ne: tabon da kurji ke bari, duhun kumatu da ke biyo bayan ciki ko zafin rana, da bushewar hunturu. Ga na farko da na biyu, man kariya daga rana da ganin likitan fata sun fi kowace kwalbar zinariya amfani. Ga na uku, basilin da man kaɗanya sun wadatar. Wanda ya sayi man goge tamojin da bai da shi, ya sayi bargon Rasha ne don zafin Sakkwato.

Da a nan abin ya tsaya, da asarar ta kuɗi ce kawai. Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne yadda sunan hana tsufa ya zama rigar da man bilicin ke sakawa don ya shiga gidajen mutunci. Matar da za ta ji kunyar a ce tana bilicin ba ta jin kunyar cewa tana gyaran fata. Masu haɗe-haɗe a ɗaki, da ke tallata hajarsu a Instagram da TikTok da sunan kayan gargajiya zalla, sun gane haka, suna kuma tsawwala farashi da gangan don a ɗauka kayan na manya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan hasken fata, kuma a 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Sinadaran da ake samu a irin waɗannan mayuka sanannu ne. Haidirokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi, yana haifar da wani baƙi-baƙi mai wuyar magani a kumatu. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ta riƙa tsagewa, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa tana ratsawa ta taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana kuma isa ga jaririn da ke ciki ko a goye. Dukkansu suna kware laimar melanin ɗin nan da muka ambata. Sakamakon shi ne wadda ta shiga neman ƙuruciya a shekara talatin ta wayi gari a arba'in da fuskar 'yar sittin. Ga kuma jabu, domin duk hajar da ƙaramar kwalbarta ta kai albashin wata shida, ɓarawon zaune ba zai bar ta ba, kuma kwali ya fi komai sauƙin kwaikwayo.

Ba za mu hana mai tsada haƙƙinsa ba. Yawanci ya fi daɗin shafawa, ba ya danƙo, ƙamshinsa na da sanyi, kwalbarsa na ƙawata gaban madubi. Wani ma sai don ya kashe kuɗi yake dagewa da shafawa kullum, dagewar kuma ita ke kawo ɗan amfanin da ake gani. Mai hali da ya sayi shadda Getzner ya san ba ta fi yadin kasuwa rufe jiki ba, yana sayen sheƙi ne da jin daɗi da matsayi, kuma babu wanda ya yaudare shi. Wanda ya sayi man fuska da wannan niyya, ya san abin da ya saya, ba mu da ta cewa. Amma a matsayin maganin tsufa, hukuncinmu shi ne kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Abin da yake yi na gaske, mai araha na yi. Abin da ake biyan ƙarin kuɗin dominsa, ba a kawo hujjar yana yi ba.

Kuma ba matar attajiri ce ke cutuwa ba, ita ko ta zubar da kwalbar ba ta ji a jikinta ba. Wadda ke cutuwa ita ce malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke kwashe adashinta na shekara ta miƙa wa dillaliya. Shi ne saurayin da aka rubuta wa sunan mai a takardar lefe, ya je ya ci bashi don kada dangin amarya su rena shi. Ita ce uwargidan da ta haihu shida, ta ji ƙishin-ƙishin ɗin maigida na neman ƙari, ta shiga neman abin da zai mayar mata da fuskar da ta shigo gidan da ita. Wannan tsoro nata ba na banza ba ne, kuma mu maza muna da hannu dumu-dumu a cikinsa, domin mu ne ke yaba fara mu kushe baƙa, mu yaba yarinya mu manta da wadda ta tsufa a hidimarmu. Kasuwar nan a kan wannan tsoro take kiwo. A da furfura da tamoji su ne ke sa a ba mutum tabarma a taro, a saurara idan ya yi magana. Yanzu mun fara koyon jin kunyarsu daga mutanen da su kansu suka fara gajiya da abin, tunda a 2017 mujallar kwalliya ta Allure a Amurka ta sanar da daina amfani da kalmar hana tsufa a shafukanta baki ɗaya.

Akwai wani abin takaici a gefe. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwaryar kaɗanya, daga dazuzzukan Neja da Kwara da Kebbi. Kamfanin L'Occitane na Faransa ya gina suna a kan man kaɗanyar da yake saye daga matan Burkina Faso tun shekarun 1980, The Body Shop kuma yana saye daga wata ƙungiyar mata a arewacin Gana tun 1994. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwaryar na wata shida a Agustan 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar bai wuce kashi 1 ba. Matan karkara ke tsinta a cikin raɓa da haɗarin maciji, a saya a hannunsu a mudu, a tace a Turai, a ɗiga kaɗan a kwalba, 'yarsu ta birni ta saya da dala. Ba muna cewa man kaɗanya na goge tamoji ba ne, ba ya yi, kuma wasu masu maiƙon fuska yakan fito musu da kuraje. Amma wajen tausasa fata da tsare danshi, aikin da muka nuna shi ne ainihin aikin kowane mai, ba ya jin kunyar shiga sahu. Abin da ya rage masa shi ne tsafta wajen sarrafawa, da rage wari, da mazubi mai kyau, kuma waɗannan ba su fi ƙarfin jami'o'inmu da 'yan kasuwarmu ba.

Muna kira ga NAFDAC da ta fito ta bayyana wa jama'a, da Hausa kuma a rediyo, cewa lambar rajistarta a jikin man shafawa ba takardar shaida ba ce cewa yana goge tamoji, ta kuma kai samamenta kan masu haɗa mai a ɗaki suna sayarwa ta waya, ba kantunan kasuwa kaɗai ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda dokar 2022 ta ba ikon tantance talla har a kafofin sadarwa na zamani, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, su wajabta wa duk mai da'awar hana tsufa ya ajiye hujjarsa a gabansu kafin tallan ya fita: mutum nawa aka gwada, na tsawon wane lokaci, da me aka gwama, wa ya biya kuɗin gwajin, kuma mutum nawa ne a cikinsu masu fata irin tamu. Hoton kafin da na bayan shafawa kuwa, a ɗauke su a haske ɗaya, ba hoda, ba gyaran kwamfuta, a kuma rubuta hakan a ƙarƙashin hoton da baƙaƙen da mai tabarau zai iya karantawa.